Ranar da Na Juya wa Likita Mataccen Kunnena

Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karanta shi. Bari in tona wa kaina asiri tun kafin matata ta riga ni, don na san idan ita ta ba da labarin nan ba za ta rage mini ko ɗan abin rufe jiki ba. Ni ne mutumin da likita ta zaunar tana yi masa bayanin abin da zai ceci maƙogwaronsa, shi kuwa ya gyara zama ya juya mata mataccen kunnensa, yana gyaɗa kai yana cewa to, to, madalla, alhali hankalinsa yana can gona yana duba dawa. Wannan wautar ce ta kusa raba ni da muryata har abada, kuma da furfurata na yi ta, ba wanda zan ɗora wa.

An haife ni a wani ƙauye a gindin dutse kusa da Zuru, a nan nake zaune har yau. Makaranta leƙa ta kawai na yi. Malamin yana da bulala, ni ina da ƙafa, sai kowa ya kama gabansa. Ɗan karatu da rubutun da nake yi a barikin soja na tsince su, don haka idan kun ga Hausata ta karkace ku yi haƙuri, ba da ita na buɗe baki ba. Na yi golmo kamar kowane namiji na zamaninmu, wato noman da saurayi yake yi wa iyayen yarinya shekara bakwai kafin a ba shi ita. Daga nan na shiga soja, na fito da igiya biyu ta kofur da kunnen hagu wanda ƙarar bindiga ta kashe. Mutane suna tausaya mini a kan kunnen nan, ba su san shi ne babban abin da na samo a aikin gwamnati ba. Idan fasto ya ja wa'azi, sai in juya masa hagu. Idan uwar yara ta fara lissafa laifuffukana, hagu. Amma baki kam Allah ya ba ni. Ba a biki ko zaman makoki a ƙauyenmu ban sa mutane dariya ba, kuma ba tsohuwar da za ta wuce ni ranar kasuwa ban ce zan aure ta ba. Ban tara komai a duniya ba sai wannan muryar.

Ita ce kuwa ciwon ya fara taɓawa. Ta dishe kamar ta mai mura, na ce sanyi ne. Sanyi ya wuce, ba ta dawo ba. Sai haɗiya ta fara yi mini zafi har cikin kunne, sannan wani ƙullutu ya fito a gefen wuyana, da fari kamar gurjiya, kafin in ankara ya kai ƙwan zabo. Ga ni da sigari tun zamanin bariki, ga burkutu duk ranar kasuwa, amma ko sau ɗaya ban zarge su ba, tsofaffin abokai ne. Kuma ku gane irin tarbiyyar da muka samu: a gonar golmo idan fartanya ta sare ka a ƙafa, ƙasa kake turawa a kan ciwon ka ci gaba da noma, don idan ka yi raki dangin yarinya za su ji, a sa ka a waƙa har jikokinka. Saboda haka na samo tsohon tawul na rataya a wuya kamar direban babbar mota, na ce ado ne. Mutum ɗaya na gaya wa, sa'ana wanda muka yi golmo tare, wanda a wajen wauta ko ni ina sara masa. Ya leƙa bakina da tocila ya rantse beli ne ya yi tsawo. Muka hau mashin har Ribah wajen wani wanzami, ya danne mini harshe ya datse belin. Na zubar da jini kamar ragon Kirsimeti, na dawo gida murya tana nan yadda take, ƙullutu yana nan. Beli dai ya tafi a banza, bawan Allah da bai yi laifin komai ba.

Uwar yara ce ta kama ni. Wata rana ina cin abinci na sarƙe, ta zo za ta buga mini baya, ta fizge tawul ɗin, ta tsaya tana kallon wuyana ba ta ce komai ba. Da ta yi faɗa da na san yadda zan yi da ita, amma shirun nan ba shi da gefen da zan juya masa. Ta kira ɗiyarmu da ke aure a birni, suka tasa ni gaba zuwa asibiti a Zuru, daga can aka tura mu babban asibitin da ke garin da ɗiyar take. Aka zura mini wata siririyar igiya mai fitila ta hanci, aka ɗauki hoto, aka yanki ɗan nama aka kai bincike. Sakamako ya fito, ciwon daji ne a maƙogwaro, har ya miƙa hannu zuwa wuya. Gaskiya sunan bai girgiza ni sosai ba. Abin da ya girgiza ni wani dattijo ne da muka zauna benci ɗaya a layin ganin likita, da ɗan ƙyalle a gaban wuyansa. Na gaishe shi ya ɗaga hannu. Na tsokane shi na ce ko matarsa ce ta hana shi magana da baƙi, ya yi murmushi kawai. Sai matar ta gaya mini a hankali cewa an cire masa maƙogwaron gaba ɗaya, ta wata ƙofa a wuya yake numfashi, ita ce take fassara hannunsa. Ransa ya tsira, kuma na ga suna zaman lafiya abinsu. Amma ni na duba kaina, mutumin da rubuta sunansa ma sai ya yi gumi, na ce idan aka cire mini murya me ya rage? Rannan har muka koma gida ban tsokani kowa ba.

Likitar da aka ba ni yarinya ce, ba ta fi autarmu ba, 'yar ƙarama, amma idan ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna manjo. Ta ce mini Baba, za mu gwada ceton maƙogwaron, idan bai yiwu ba sai yanka. Za a riƙa gasa wurin da hasken na'ura, a haɗa da magani ta ƙarin ruwa. Ta ce maganin da aka saba bayarwa yana da nauyi a kan ƙoda da kunne, ni kuwa ƙodata ta gaji kuma kunne ɗaya ya rage mini, don haka wani daban za a ba ni, wanda ba ya bin jiki duka da duka, wuri ɗaya yake nufa. Har nan na ji da kyau, tunda na ji abin da nake so, wato ba yanka yanzu. Ranar uwar yara ta fita neman ruwan sha, ɗiyata kuma tana layin karɓar magani, ni kaɗai ne a gabanta. Da na ga ta jawo takarda ta fara zana wasu da'irori da kibiyoyi, sai na ji kamar an mayar da ni ajin malamin nan mai bulala. Na gyara kujera a hankali, na ba ta hagu. Na ga bakinta yana motsi, na ga ta nuna fuskarta da ƙirjinta da yatsa, na ce to. Ta tambaye ni na gane, na ce ƙwarai kuwa, Allah ya yi miki albarka. Maganin yana da tsada, ba zan ɓoye ba. 'Ya'yana da surukina da matan zumunta na cocinmu da tsofaffin sojoji 'yan'uwana duk sai da suka ji a jikinsu, shanuna ma sun tafi. Wannan ya ƙara wa abin da na yi daga baya muni.

Aka fara. An yi mini wani abin rufe fuska mai ƙofofi kamar kwandon kaji, a kifa mini shi a ɗaure da gado don kada in motsa, na'ura ta yi ta zagaya ni tana gurnani. Mako-mako kuma a sa mini ruwan maganin a hannu. Ba a daɗe ba sai ƙuraje suka feso mini, irin na samari masu tashen balaga, a hanci, a goshi, a ƙirji, har gadon baya. Tsoho da furfura da fuskar ɗan sakandare. Ma'aikatan jinya suna ce mini ango, uwar yara ta ce in dai budurwa zan nema in nemi mai haƙuri. A daidai lokacin kuma ƙullutun wuyana ya fara saɓewa, daga ƙwan zabo ya koma gurjiya.

A nan ne tsohon ilimi ya taso mini. Mu mun tashi a zamanin da baƙon dauro yake shiga ƙauye ya kwashe yara. Abin da iyayenmu mata suke roƙo kawai shi ne ƙurajen su fito. Idan suka fito suka rufe jiki, sai a ce ciwo ya fito, yaro ya tsira. Idan suka ƙi, sai a ce ya koma ciki. Ƙanena da muke korar tsuntsaye tare da shi a gona, haka aka ce nasa ya koma ciki, ina kallo aka fita da shi a tabarma. Tun daga rannan abin ya zauna mini a rai cewa ciwon da ya fito fata ya gama aikinsa. To ga ƙuraje sun rufe ni, ga kumburi yana gudu. Wane bayani kuma nake jira? Gashin na'urar ya fara ƙona mini maƙogwaro, damina ta yi nisa, ana huɗar dawa a gida ba ni, kuma na tabbata masu yi mini aikin gonar, karkatacciyar kunya suke ja. Na ce a raina asibiti dai ba su taɓa cewa mutum ya warke da bakinsu ba, sai ya sallami kansa. Wata safiya da ya kamata a kai ni gashi, na ce wa uwar yara zan je bakin titi in sayo batirin rediyo. Na wuce tasha, na kashe waya, na shiga motar Zuru kamar wanda ya ci yaƙi.

Ku zo ku ga tarba. Tsofaffin matan unguwarmu suka kewaye ni suna leƙa fuskata, wata ta ɗaga mini riga ta ga bayana, ta rangaɗa guɗa tana cewa ya fito, wallahi ya fito duka, ko ɗaya bai rage a ciki ba. Sa'ana mai tocila ya ce dama shi ya san cire belin nan ne ya buɗe wa ciwon hanya, maganin asibiti tura shi kawai ya yi daga baya. Aka ce a jiƙa dawa a yi burkutun murna. Na zauna a gindin ɗorawa ina ba da labarin kwandon kaji da muryata mai kama da ta agwagwa, ana ta faɗuwa da dariya. Kashegari na saɓi garma na nufi gona don a san kofur ya dawo. Ban ja kunya mai yawa ba rana ta kama fuskar nan, ƙurajen suka ɗauki wuta kamar an watsa mini barkono, jiri ya ɗebe ni na zauna daɓas a cikin kunya. Ashe har da maganar rana a cikin abin da likita ta faɗa wa mataccen kunne. Na lallaɓa na koma gindin ɗorawa na ce aikin ne na ga yaran sun yi shi da kyau, ba sai na sa hannu ba.

Ina nan zaune a tsakiyar maza sai ga mashin ya tsaya, uwar yara ta sauko da jakarta, ƙafafunta duk taɓo. Ashe sun kwana suna nemana a birni har wajen 'yan sanda, sai da wata maƙwabciyarmu ta ƙauye ta buga wa ɗiyata waya tana yi mata barka da warkewar Baba. Ta russuna ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, ta ce su ba ta aron Kofur na ɗan lokaci. Idan ta kira ni Kofur a gaban mutane, na san shari'a ce. Muka shiga ɗaki. Ta kama hannuna ta danna shi a gefen wuyana, ta ce mene ne wannan. Na ce sawun ciwon ne, ko maciji ya wuce ai yana barin sawu. Ta fita ta dawo da tuwon dawa, ta ce tunda na warke in ci loma ɗaya tana gani. Na gutsura na sa a baki, na yi ta juya shi, ya ƙi wucewa, hawaye suka zubo mini don zafi. Ta ce marigayiya uwata baƙon dauro ta sani, ba ta taɓa ganin irin wannan ba, kuma matan da suka yi mini guɗa ba su ne za su zauna da ni ba idan aka huda mini wuya. Ta ce idan zama zan yi in zauna, ita za ta koma wajen matar dattijon nan ta koyi fassara hannu tun da wuri. Wai ta daɗe tana roƙon Ubangiji ya ba ta shiru a gidan nan, ba ta san ta wannan hanyar zai amsa ba. A kan wannan maganar hawaye suka zubo mata, ta juya mini baya tana gyara jakar da ba ta buƙatar gyara. Tun da na auro ta ban taɓa ganin ta yi kuka saboda ni ba, sai dai saboda haushina. Da gari ya waye ni na riga ta shiryawa.

Na shiga ofishin likita ina jiran tsawa. Ba ta yi ba. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce Baba, wanne ne mai rai a cikin kunnuwan nan? Kafin in buɗe baki uwar yara ta ce na dama ne likita, kuma ki bari in riƙe masa haɓa. Haka aka yi kuwa. Likita ta jawo kujera ta zauna a damana, ta ce tunda ni soja ne za ta yi mini da yaren bariki. Ta ce jikin mutum an gina shi da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace kamar ƙaramin bariki ce da ƙofofinta. Idan jiki yana buƙatar sabon nama, sai ɗan aike ya zo bakin ƙofa da saƙo, na ƙofa ya miƙa wa na ciki, na ciki ya miƙa wa na gaba, hannu zuwa hannu har ya isa ofishin kwamanda a tsakiya, shi kuma ya ba da oda a hayayyafa. Idan aiki ya ƙare saƙo ya tsaya, kowa ya huta. A ciwon daji irin nawa ƙofofin sun yi yawa fiye da ƙima, saƙon kuma ba ya tsayawa, dare da rana oda ɗaya ce, ku ƙaru, ku ƙaru, shi ne naman ya taru ya zama ƙari. Ta ce maganin da ake sa mini ba bam ba ne da za a jefa wa gari duka, mai gadi ne. Yana zuwa ya tsaya a bakin ƙofar nan ya hana ɗan aike shiga. Idan saƙo ya yanke, ƙarin ya raunana, gashi ya fi cin sa. Sai dai fatar mutum ma tana da irin ƙofofin nan, mai gadin kuwa ba ya bambancewa, yana tare saƙon fata shi ma, shi ya sa ƙuraje. Ta ce ƙurajen nan ba ciwon ba ne ya fito, alama ce kawai cewa mai gadi yana bakin aiki, abokin gaba kuwa yana nan ciki da ransa. Sannan ta tambaye ni, a soja me ake yi wa mai gadin da ya bar ƙofa ya tafi gida huɗar dawa? Na ce kulle ne a gadurum, ranki ya daɗe, da aski kwal. Ta ce to Baba, kai ka janye mai gadin da hannunka.

Ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce kwanakin da na tsallake ba ƙaramar ɓarna ba ce, za su gyara tsarin gashin su cike gurbin, amma ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce ba kowa maganin yake yi wa aiki ba, wani dajin idan aka tare masa ƙofar gaba sai ya buɗe ta baya, shi ya sa har yanzu masana suna ta neman sauran hanyoyin saƙon don su san inda za su ƙara masu gadi. Na ce mata wannan karon ko gawata ce a kawo ta layi.

Abin da ya biyo baya ya fi golmo wuya, kuma ban faɗi haka da wasa ba. Bakina ya yi gyambo, yawu ya kafe, fatar wuyana ta saɓule, komai na sa a baki ɗanɗanon ƙarfe. Na koma kunu mai ruwa-ruwa, shi ma da cokali, uwar yara tana tsaye a kaina kamar sajan. Murya ta tafi gaba ɗaya na wani lokaci, na ɗanɗani irin zaman dattijon nan, ina nuna kofi da yatsa. Amma yanzu idan na kalli madubi na ga ƙurajen sai in sara musu, in ce a raina sannu da aiki, ku riƙe ƙofa. Na shafa man da aka ba ni, na guji rana, ban ƙara tsallake ko sau ɗaya ba. Na daina raki a ɓoye kuma, duk inda ya yi zafi na nuna, aka ba ni abin rage shi, na gane ashe faɗin ciwo ba ya rage wa namiji komai.

Bayan an gama aka ce mu je gida mu huta, mu dawo a duba. Muryar ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, da fari kamar iskar tayar da ta huje, daga baya kamar tsohon janareta. Da muka koma aka sake zura igiyar nan ta hanci, aka sake hoto. Likita ta daɗe tana kallo, ni kuma na ba ta dama da kaina ba wanda ya riƙe mini haɓa. Ta ce Baba, ban ga komai ba, wurin ya share, ba maganar yanka. Na miƙe tsaye na ƙame na sara mata irin sarawar da ban taɓa yi wa wani hafsa ba, har hulata ta faɗi. Ta ce in zauna, ba a cewa an warke sai an yi shekaru ana dubawa. Na ce na ji, kuma har yau ina zuwa duk lokacin da ta sa mini. Lahadin farko da muka dawo gida na tashi ba da shaida a coci. Na fara tun daga wanzamin Ribah. Mutane suna dariya suna share hawaye, sa'ana mai tocila ya sunkuyar da kai, matan da suka yi mini guɗar farko suka sake wata, na ce wannan ce ta gaskiya, waccan a mayar musu da abarsu. Na yi ta zuba har fasto ya fara duba agogo yana gyaran murya. Na gan shi sarai. Na juya masa hagu.

Yanzu ina yawo da gorar ruwa saboda bushewar baki, gemuna ya ƙi fitowa a gefe ɗaya, sigari da burkutu mun yi sallama. Amma ina noma, ina cin tuwo idan miya ta yi yawa, kuma tsofaffin matan kasuwa sun koma gudu idan sun hango ni.

Abin da ya sa na ɗauki wahalar rubuta wannan shi ne 'yan'uwana tsofaffi, musamman mu da aka koya wa cewa namiji ba ya cewa wayyo. Muryar da ta dishe ta ƙi dawowa, gyambon baki da ya ƙi warkewa, ƙullutu a wuya, zafin haɗiya, kada ku rufe su da tawul, kada ku kai wa wanzami, ku je a duba tun abin yana ƙarami. Da na je da wuri da ban sha rabin abin da na sha ba. Idan an fara muku magani kuka ga wani abu ya fito a jiki, ku tambayi wanda ya ba ku maganin, ba tsofaffin unguwa ba. Iyayenmu ba ƙarya suka yi mana ba, abin da suka gani suka faɗa, amma kowane ciwo da halinsa. Kada ku sallami kanku don kun ji sauƙi. Kuma ranar da likita zai yi bayani ku shiga da wani, musamman wanda ba ya tsoronku.

Rannan da muka taso daga cocin, muna tafiya gida ni da uwar yara, ina ta cika baki cewa daji ya gamu da ɗan golmo. Muka wuce rafi. Sai ta zagayo ta dawo gefen damana, ta tabbatar kunnen kirki ne, ta ce, "Kofur, shekara bakwai ka yi kana yi wa babana noma, rana da ruwa, ba ka taɓa gudu ba. Amma 'yan makonni don ranka ka tsere ta tasha. Ni ce na fi ranka tsada, ko kuwa babana ka fi tsoro a kan mutuwa?"

Murya tana nan, ga ta kuwa har ta ishi mutane. Amma wannan tambayar har yau ban amsa ta ba.